Rahinatu a Fakon Bengou

Shekara goma sha ɗaya Rahinatu ta yi a biron asurans, wato ofishin inshora, na bakin hanyar gada a Gaya, tana yanka wa direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, takardar tsallakawa Malanville ta ƙasar Benin. Ba ta taɓa jin buƙata irin wadda Hama mai gareji ya kawo mata wata Talata ba.

"Madam, tseren motoci za mu yi," in ji shi, hannu duk baƙin mai. "Mu takwas, a fakon hanyar Bengou. Magajin gari ya ce sai da asurans. Ga takardunmu."

Ta duba, ta mayar masa. "Malam Hama, waɗannan na kan titi ne. Da zarar an ce tsere, ba ruwan kamfani da ku. Ko akuya kuka buge, ku kuka sani."

Hama ya tsaya kamar an zare masa laka. Wata uku suka yi shi da abokansa suna share filin nan da hannu.

Tausayinsa ya kama ta, ta kira babban ofishinsu na Yamai. Shugabanta ya yi dariya har da tari, sannan ya ce akwai takardar yini ɗaya, ta 'yan kallo da lafiyar direbobi, ban da lotsewar mota. Amma sai kowa ya sa hular kwano, a ja igiya a tare 'yan kallo, a riƙa sakin motoci ɗaya bayan ɗaya ana duba agogo. Kuma ita da kanta za ta je ta ga filin.

Ranar Alhamis ta je da littafinta. Hama ya buɗe mata ƙofar wata tsohuwar Starlet da aka cire wa kujerun baya.

"Ba a gane fili da ƙafa, Madam. Bismillah."

Ta shiga, ta ɗaure, ya taka. Wayyo! Motar ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi, giginyu suka riƙa wucewa fuu, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashinsu. A kwanar farko tayoyin baya suka zame, Rahinatu ta ƙwala salati, littafin ya faɗi. A ta uku kuwa sai ta ji kanta tana ƙyalƙyala dariya.

"Sake zagayawa!" ta ce. "Ban ga kwanar can da kyau ba."

Sau huɗu suka zagaya. Ta sa a matsar da igiya taku ashirin daga gindin giginya, a rushe wani suri. Daga nan ta miƙa hannu.

"Ba ni makullin."

"Madam?"

"Ina da permin tuƙi tun kafin ka buɗe gareji. Ba ni."

Ranar Lahadi fakon ya cika maƙil. Masunta sun bar jiragensu, 'yan kabu-kabu sun yi layi, mata na sayar da soyayyen kifi bayan igiya. Direba takwas suka wuce, sai mai sanarwa ya ɗaga murya: "Ta tara, Madam Rahinatu ta asurans!" Ta riga ta ƙara sunanta a takardar, Yamai ta amince.

Ta ɗora hular kwano a kan kallabi. Aka sauke tuta, ta taka har ƙasa. Ba ta jin komai sai kukan inji da bugun zuciyarta. A kwanar giginya motar ta juya da ita gaba ɗaya, jama'a suka yi "Kai!" Ta sa giya, ta miƙe, ta tsallake layi cikin jar ƙura.

Ta shida ta zo. Mata suka ɗauki guɗa kamar ita ta ci. Ta fito, ta kama hannun rigar Hama.

"Kwanar nan," ta ce tana haki, "yaya kake shanta ba ka taɓa birki ba? Zo ka nuna mini yanzu."