Fasinjan da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Aikin Baba Ciko zama ne, zaman ma a cikin mota. Kullum da safe zai sa wankakkun kayansa, ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha, ya shiga bas ɗin da ke lodin kan iyaka, ya zauna kusa da taga da jakar a cinya kamar mai doguwar tafiya. Shi da wasu 'yan tsiraru ne ke wannan sana'a. Fasinja ba ya son motar da ba kowa, amma in ya leƙo ya ga kawuna sai ya ɗauka ta kusa cika, ya biya ya shiga. In fasinjojin gaske suka fara yawa, sai 'yan ciko su zare jiki ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce zai kama ruwa, wancan ya ce ya manta saƙo. Da yamma shugaban tasha ya sallame su da ɗan abin cefane.

Da can Baba Ciko tela ne, ido ne ya gaza har zare ya daina shiga allura. Jakar ma shi ya ɗinka abarsa, ya cusa mata ragowar ƙyallaye har ta yi ƙiba, ga ta dai kamar da kaya, amma ba ta fi matashin kai nauyi ba. Kan iyakar da yake zuwa kullum kuwa bai taɓa ganin ko ƙofarta ba. Duk da haka in ya koma gida matarsa kan tare shi, ta karɓi jakar da ɗan yatsa ɗaya ta ce, "Sannu da hanya, ya mutanen can?" shi kuma ya ce suna gaishe ta. Wasan ya tsufa tare da su, kuma ba wanda ya gaji da shi.

Ranar da abin ya faru ba ranar kasuwa ba ce, tashar ta yi sanyi. Hantsi ya ɗaga sai ga wani saurayi ya shigo yana jan ƙafa, goye da wata ƙatuwar jaka da ta zarce ƙeyarsa. Igiyar kafaɗarta ɗaya ta tsinke an ɗaure ta da waya, abin da ya fara sosa wa tsohon tela rai ke nan. Ɗan kamashon da ake kira Maƙogwaro, saboda muryarsa, ya tare shi tun daga ƙofa yana rantsuwa saura mutum biyu mota ta tashi. Saurayin bai yi ko ciniki ba. Ya biya, aka cusa jakar a but, ya shigo ya zube kusa da Baba Ciko, ya kwance igiyar takalminsa. Ƙafafun sun kumbura har sawun safa ya zauna a jiki.

Ya gaishe da tsohon da ladabi, ya tambaye shi ko shi ma kan iyaka za shi.

"In Allah ya yarda," in ji Baba Ciko. Amsar da ya tanada ke nan tun da ya fara aikin, don kada a rubuta masa ƙarya tsagwaronta.

Mai gajiya in ya sami kunne ba ya jiran tambaya. Saurayin ya ce aikinsa ya ajiye ya fito zaga ƙasashe ta ƙasa, ba jirgi, burin da ya ɗauka tun yana yaro yana kallon taswira a bangon ajinsu. An ce tafiya mabuɗin ilimi, to shi ilimin da ya samu shi ne sanin bencin tashar da ya fi daɗin kwana. A wata iyakar an zazzage masa jaka a ƙasa har ɗan kamfai, ana ruwan sama, aka ce ya kwashe. A wata kuma mai buga hatimi ya tafi cin abinci, bai dawo ba sai washegari. Cikinsa ya ɓaci tun ƙasashe biyu baya, bai kuma daidaita ba. Yanzu gida kawai yake so. Ga shi wata gada da ta karye ta cinye masa kwanaki, bizarsa yau take ƙarewa, kuma ana rufe iyaka kafin faɗuwar rana. Ya taɓa leƙa irin ɗakin da ake tsare waɗanda suka wuce wa'adi.

"Ba ɗakin nake tsoro ba, Baba," ya ce. "Ƙarfin ne babu. In aka ce in sake yi wa wani bayani daga farko, kuka zan yi." Ya ƙara da cewa, "Amma da na gan ka hankalina ya kwanta. Dattijo kamarka ba zai zauna a motar da ba ta da niyyar tashi ba."

Bai jira amsa ba, barci ya ɗauke shi, kansa ya gangaro ya sauka a kafaɗar tsohon.

Maganar ta soki Baba Ciko. Ya san duk motar nan fasinjan gaske ɗaya ne ban da yaron, wata mai buhunan albasa wadda ta san dawan garin kuma ba ta sauri. Sauran duk abokan aikinsa ne. Motar ba za ta cika ba sai la'asar, kuma wanda ya tashi da la'asar sai dai ya gaisa da kwaɗon ƙofar iyaka. Ya kuma san cewa bayan gidan mai akwai ƙananan motoci masu lodin bakin titi, waɗanda ba sa jiran cika don suna tsintar mutane a hanya. Sai dai ambaton su a cikin tasha babban zunubi ne. An kori wani ɗan ciko a kan abin da bai kai haka ba.

Ya yi ta ba kansa haƙuri. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba shi ya kawo yaron ba, ba shi ya karya gada ba, kuma tukunyar gidansa da wannan kujera take tafasa. Duk gaskiya ne. Amma kan yaron yana kafaɗarsa da zafi da warin ƙura, kuma inuwar rumfar tasha sai janyewa take yi. Tausayi ya kama shi.

Ya taɓa yaron a gwiwa har ya farka, ya miƙa masa jakarsa ya ce ya riƙe masa. Saurayin ya sa hannu biyu da ƙarfi irin na wanda ya saba da kaya, sai jakar ta yi sama har ta kusa bugun rufin mota. Ya dube ta, ya dubi tsohon.

"Tsummoki ne, ɗana," in ji Baba Ciko, bai ko rage murya ba. "Ba inda za ni. Waɗannan na bayanka ma ba inda za su. Tashi mu je in nuna maka motar da za ta kai ka."

Ya ɗauka yaron zai yi faɗa, har ya so ma ya yi. Bai yi ba. Ya sunkuya kawai yana ɗaure takalmi.

Kafin su sauka labari ya kai wa Maƙogwaro. Ya iso yana kumfar baki, ya ce abin da aka biya ba ya dawowa, saurayin ya ce ya bar masa. Sai ya juya kan tsohon.

"Baba, ina ganin girmanka. In ka fita ƙofar nan da shi, to ka fita ke nan."

Baba Ciko ya rataya jakarsa ya sauka. Saurayin ya jawo jakarsa daga but, ya yunƙura zai goya, gwiwoyinsa suka ƙi. Tsohon ya kama igiya ɗaya, yaron ya kama ɗaya, suka ratsa tasha ana kallon su. Tun kafin su kai gidan mai wayar igiyar nan ta yanke wa tsohon tafin hannu, numfashinsa ya koma sama-sama. Shekara da shekaru yana wasan matafiyi, ashe haka jakar tafiya take.

Sun tarar da wata ƙaramar mota direba har ya tayar da inji. Wuri ɗaya ya rage, amma but ya ƙi rufuwa da jakar, direban ya ce ko a rage kaya ko a bar shi ya wuce. Saurayin ya durƙusa a bakin titi ya fara fitarwa ba tare da tunani ba: bargo mai kauri, wata 'yar tukunya da ta yi baƙi, takalmin sanyi, da wani dutse mai santsi da ya ce a bakin wani kogi ya tsinta, ya ma manta dalili. Ya zazzage tsummokin jakar tsohon ya zuba kayan a ciki. Ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya buɗe baki, direba ya danna hon. Haka suka rabu, ko sunan juna ba su tambaya ba.

Ko yaron ya tarar da ƙofar iyaka a buɗe, Baba Ciko bai sani ba, kuma ba mai gaya masa. Da ya biyo ta bakin tasha ya hango bas ɗin yana nan inda yake, wani tsoho daban ya riga ya zauna kusa da taga.

Matarsa na shanya ya shigo, rana tsaka, rigarsa jiƙe da gumi. Ta yi mamakin lokacin, amma baki ya riga ya saba.

"Sannu da hanya," ta ce, ta sa ɗan yatsa za ta karɓi jakar. Jakar ta ja hannunta har ƙasa. Ta dube ta, ta dubi yankan da ke tafin hannunsa, murmushin ya bar fuskarta. A hankali ta ƙarasa, "Ya mutanen can?"

"Ɗaya na gani," ya ce. "Ya gaji ƙwarai." Ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafa. "Gobe ba tasha. Jibi ma haka."

Ta daɗe a tsaye da jiƙaƙƙen zane a kafaɗa. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko kwanon da take ajiye wa baƙi, ta cika shi da ruwan randa, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.