Wasiƙar Kwamanda

Ƙanena, wanda sojojinsa ke kira Kwamanda, mu kuma a gida muke ce masa Gajere, shekara uku ya yi a fagen daga tun da masu neman ɓallewa suka ɗauki makami. A duk tsawon lokacin nan ko layi ɗaya bai rubuto wa matarsa ba. Sai dai saƙon baki: yana lafiya, a gaida yara.

Da aka kashe shi a bakin wata gada, takardar da ta zo bugun inji ce, an bar gurbi an cike sunansa da biro. Akwatinsa ya biyo baya. Muka zazzage shi a tsakar ɗaki: kaki biyu, reza, tabarau mai karyayyen hannu. Matarsa ta bi aljihunan ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ko 'yar guntuwar takarda bai bar min ba," in ji ta. "Me zan nuna wa yaran nan? Reza?"

Na ce, "Ai kin huta, rubutunsa kamar kaji sun yi tono." Ko murmushi ba ta yi ba.

Bayan sati biyu sai ga wata tsohuwa a ƙofa, riƙe da ambulan a cikin leda. Ɗanta sojan Kwamanda ne, bara ya rasu. Ashe duk sojan da ya faɗi, ƙanena da hannunsa yake rubuta wa iyayensa.

"Ban iya karatu ba, 'yata," tsohuwar ta ce wa matar ƙanena. "Maƙwabcin da ke karanta min ya tashi. Na ce ke za ki gane hannunsa."

Matar ƙanena ta warware takardar, ta fara karantawa.

"Mama, ɗanki bai tafi shi kaɗai ba, kansa na kan cinyata. Ni ma ina da mata da yara uku. Ba na rubuta musu, domin duk gidan da rubutuna ya shiga kuka ake yi. Ba na son ta ga hannuna a jikin ambulan gabanta ya faɗi."

Nan karatun ya tsaya. Ta rungume takardar a ƙirji, ta daɗe a haka.

"Mama, ki bar min ita."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Ita kaɗai ta rage min game da ɗana."

Sai matar ƙanena ta ninke ta yadda take, ta mayar cikin ledar, ta miƙa mata da hannu biyu.

"To ki riƙa zuwa. Ni zan dinga karanta miki."

Duk sati tsohuwar tana zuwa. Yaran kan zauna a bakin gado su saurara. Ni kam ficewa nake yi in kama wanke-wanke, ko da kwanukan a wanke suke.