Fiƙar Gimbiya

Kwandon yana kan cinyar Tabawa, ɗan kabu-kabu kuwa sai zuba gudu yake yi daga Tsibiri zuwa Maraɗi, yana ta surutu a kan tsadar mai. Da ya san abin da ke cikin kwandon, da tuni ya watsar da fasinja da babur ya ranta a na kare.

Gimbiya ce a ciki, gamsheƙar mijinta Maidawa, gardin da ke wasa da ita a kasuwannin Jiratawa da kewaye yana sayar da maganin saran maciji. Da ita gidan ke ci. Tabawa kuwa, duk zamanta da gardi, ko igiya ta gani a ƙasa sai ta yi tsalle.

Kafin damina Maidawa ya cire wa Gimbiya fiƙoƙi da awartaki, kamar yadda ya ga ubansa yana yi. Bakin ya kumbura, ya soma ɗiwa, macijiyar ta daina karɓar ƙwai. Ana cikin haka aka aiko masa yayansa ba lafiya a Dakoro.

"Ki wanke mata baki da ruwan gishiri, ki shafa zuma da yatsa," in ji shi, yana ɗaure kaya. "Mi kike tsoro? Tsohuwa ce, ba ta da haƙori. In ta mutu dai, ki san da abin da za mu ci."

Haka ta riƙa yi kowace safiya, tana karanto duk addu'ar da ta sani. Sai ta kama wuyan da tsumma, ta kau da kai, ta tura yatsa cikin bakin nan mai sanyi da wari. Da makonni suka shuɗe ba sauƙi, wata maƙwabciya ta kwatanta mata wani likitan dabbobi a unguwar Zariya, cikin Maraɗi.

Likitan, Malam Sha'ibu, da awaki da kaji ya saba. Da ta ɗaga murfin kwandon, sai ya yi tsalle, sai ga shi a bakin ƙofa.

"Subhanallahi! Inna, wanga ai ajali kika ɗauko."

"Ba ta sara, likita. Maigida ya hidda haƙoran."

Bai yarda ba, don an ce rigakafi ya fi magani. Ya sa safar hannu ta fata, ya danne kan da sanda, ya buɗe bakin da bakin cokali. Ya daɗe yana share ɗiwar da auduga. Can sai ya tsaya cak.

"Matso ki gani."

A ƙarƙashin kumburin, wani ɗan farin abu ne ya leƙo, siriri kamar ƙayar kifi, da ɗigon ruwa a bakinsa.

"Haƙorin maciji tohowa yake yi," in ji shi a hankali. "Shi mai gidan naki ya sani, gardawa sakewa suke yi suna cirewa. Da mi kike shafa mata zumar?"

Tabawa ta ɗaga hannun dama kawai.

Ya mayar da Gimbiya, ya ɗaure murfin, ya jawo hannun zuwa hasken taga yana juya shi. A gefen manuniya akwai 'yar tsaga, sabuwa, jinin bai gama bushewa ba.

"Wannan hwa? Yaushe kika same shi?"

Ta zura wa yatsan ido. Da safe ta yanka kuɓewa. Da safe ta kankare ƙaiƙayin gero a bakin rumbu. Da safen nan kuma ta yi wa Gimbiya wanki. Ta laluba, ta sake lalubawa, ta kasa tuna a ina ta ji zafin.

Malam Sha'ibu ya riga ya fita titi da gudu yana tsayar da mota zuwa asibiti. Ita kuwa tana nan zaune a kan benci, ta riƙe yatsan da ɗaya hannun, tana sauraron jikinta.