Ɗigo Huɗu a Manhajar Kara

Da hantsi Juwairiyya ta buɗe kwamfutarta a gindin darbejiyar bayan ajinsu, sai ta tarar an taɓa mata aiki. Ita da Caleb, ɗan ajinsu da ya zo karatu daga Jos, aka haɗa su rubuta manhajar da za ta jera shanun kara, wato kasuwar dabbobi ta Wudil, bisa nauyi. Ɓangaren jerawa nata ne. Duk inda ta sa lambda, ɗan gajeren umarnin nan mai kibiya, d -> d.nauyi(), yanzu ya koma Dabba::nauyi, mai ɗigo huɗu a tsakiya.

Ta gwada manhajar, ta ga tana aiki sumul. Wannan ma ya ƙara dagula mata rai. Abin da bai lalace ba, me ya kai mutum gyaransa? Da ta duba tarihin aikin kuwa, inda ake ganin wanda ya rubuta kowane layi, layukan nan duk sun koma ɗauke da sunan Caleb.

A wajen mai awara ta tare shi.

"Caleb, wa ya aike ka cikin ɓangarena?"

"Haba Juwairiyya, method reference ne fa," ya ce yana dariya. "In lambda ba abin da take yi sai kiran aiki ɗaya, ki ambaci sunan aikin kawai, ya fi gajarta. Inda kika haɗa nauyi da shekaru ai ban taɓa ba, can dole sai lambda."

Gaskiya ya faɗa, ta sani. Amma tunda ya fara magana idonsa na kan yajin da yake barbaɗawa.

"To me ya hana ka gaya min in gyara da hannuna?"

"Mantawa na yi."

Har ta fara zargin kanta da mugun zato, don Caleb bai taɓa yi mata ba daidai ba.

Ranar Talata suka shiga ofishin Malam Garzali, mai duba aikin nasu. Ko zama ba su yi ba ya ce, "Na ga jerawar da Caleb ya kawo min jiya, ta yi tsaf. Ke kuma wane ɓangare kika yi?"

Juwairiyya ta waiwaya. Caleb ya sunkuyar da kai yana murza igiyar jakarsa.

"Malam, a ba ni izini in nuna maka tarihin aikin tun daga farkonsa, ka ga wanda ya fara rubuta jerawar," ta ce. Ta jawo kujera ta zauna.