Gidan da Ba a Jin Daka

A shekarar farin tamanin da huɗu, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, kowa a unguwarmu ta Harobanda ya san yadda ake gane gidan da ya kwana da yunwa. Ba a tambaya, don ba mai gaya maka gaskiya. Kunne ake kasawa. In la'asar ta yi ka ji turmi na amsawa, to akwai abin kai wa baki a gidan, ko da jar dawar taimako ce, wadda jaki ma sai ya yi shawara kafin ya ci. In ka ji shiru, ba daka ba hayaƙi, sai mata su fara kallon juna.

Ni sunana Bawa, tela ne, kekena a zauren gidana yake. Katanga ɗaya ta raba ni da Ɗan'azumi direba, wanda ya tare a unguwar farkon shekarar, kuma katangar nan ba ta riƙe sirri. Gidansa shiru yake kamar maƙabarta, amma ba yunwa ce ta sa ba. Wasu Annasara masu haƙa rijiyoyi yake tuƙa wa mota, ya daɗe yana kallon yadda suke cin abinci a daji: a buɗe gwangwani, a yanka burodi, a goge baki, a tashi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mutumin nan ya cika ɗaki guda da kwalaye, sardin ne, naman gwangwani ne, madarar gari, makaroni. Ya sayi resho na gaz. Turmin auren matarsa kuwa ya cika shi da ƙasa ya dasa fure a ciki, don haka ya gani a gidan maigidansa.

Matar, Zinariya, ba ta yi musu ba, ni kuma ban ga laifinta ba. Tafireta take bugawa a wata ma'aikata can ƙetaren gada, a zamanin da soja kan tsaya bakin ƙofa da safe su kulle, wanda ya makara ya je ya yi bayani inda ba a son zuwa. Ga cikinta ya tsufa. Mace mai wannan hali, in aka ce mata abinci zai dahu kafin ta cire takalmi, ai sai godiya.

Ana nan sai Ɗan'azumi ya ɗauko uwarsa, Inna Tabawa, daga wani ƙauye na wajen Tahoua. Rumbunta ya zama wofi, awakinta sun mutu, ƙauyen ma rabinsa ya watse. Ranar da ta iso ina ɗinki na ji an kawo mata abinci, na kuwa dakatar da keke.

"Mi ne na wanga?" in ji tsohuwa.

"Kifi ne, Inna."

"Ina kainai?"

"An cire tun can ƙasar Annasara."

"Kihin da anka sare ma kai tun ƙasar Annasara, anka kulle cikin ƙarhe, ya taho har nan bai ruɓe ba? Mutum ma da Allah ya darajanta, in ya mutu ba ya kwana biyu. Ɗauke."

Aka kawo naman gwangwani, ta tambayi wanda ya yanka da ko ya yi bisimilla. Aka dafa makaroni, ta ce ita ba kaza ba ce da za a ba ta tsutsa. Ranar Lahadi Zinariya ta daure ta tuƙa mata tuwon farin gari na leda, tsohuwa ta taɓa da yatsa ta ce a ajiye, zai yi amfani in katanga ta tsage. Ruwan zafi da sikari take sha, sai ɗan ɓawon burodi. Ta zo da rama, ta ƙara ramewa a gidan da abinci ya kai rufi. Ɗan'azumi ya kai ta likita, aka ba ta ƙwayoyin buɗe ciki, ta zuba su cikin turmin fure.

Matata Lami ce ta fara ganinta a bakin ƙofa tana shan hantsi. Ta shigo ta tsaya a kaina.

"Malam, mutanen nan yunwa suke ji. Tun da suka zo ka taɓa jin daka? Ka taɓa ganin hayaƙi? Dubi tsohuwar nan, iska sai ta ɗauke ta."

Na ce, "Mutumin da ke tuƙa Annasara?"

"Wando mai guga ba ya cika ciki. Kunya ce ta hana shi magana."

A ranar ta raba tuwonmu na jar dawa, ta zuba miyar kuka mai daddawa, ta bari sai da masu gidan suka tafi aiki ta kai. Inna Tabawa ta cinye ta suɗe. Kuma da yake tsohuwa ce mai tarbiyya, ta san ba a mayar da kwanon maƙwabci wofi. Ta shiga ɗakin kwalaye ta ɗauko sardin ta sa a ciki ta rufe.

Lami ta buɗe kwano a gabana, idonta ya ciko da hawaye.

"Ka gani ko? Har sun kai ga cin abincin 'yan gudun yunwa."

Don mu a lokacin nan, gwangwani da madarar gari a wuri ɗaya muka san su: a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ana raba wa waɗanda fari ya koro daga daji. Wanda aka ga gwangwani a hannunsa, an san ya kai ƙarshe. Kafin magariba labari ya gama unguwa, don abin da Lami ta sani da safe ba ya kai yamma shi kaɗai. Kashegari kwanuka suka fara layi. Wannan ta kai dambun zogale, waccan kunun tsamiya, wata 'yar Zabarmawa da ke bayanmu ta kai kopto, kwaɗon ganye irin nasu. Kowa daga bakin 'ya'yansa ya rage. Kowane kwano kuma da gwangwani yake komawa.

Mu dai mun ci sardin, ba zan ɓoye ba. Mai ne har gwiwar hannu. Lami tana ci tana cewa Allah sarki, bayin Allah. Yaran unguwa suka yi kumatu da madara a tsakiyar fari. Inna Tabawa ita ma ta murmure, har ana jin dariyarta. Ɗan'azumi ya ga uwarsa ta yi kyau, ya zo zaurena yana yabon ƙwayoyin likita, yana ce mini ai tsofaffi haka suke, sannu a hankali suke sabawa da ci gaba. Na ce haka ne, na ci gaba da taka kekena.

Liman ne ya ɓata wasan, Malam Ado, mutumin kirki wanda kirkinsa bai san wuri ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ya ja Ɗan'azumi gefe, gefen da kowa ke ji, ya danƙa masa ƙullin dawa.

"Kala suuru, sai haƙuri, ɗana. Jama'a ce ta haɗa. Babu ba abin kunya ba ce, bana kowa ya taɓa ta. Kwanukan da mata ke kai wa mahaifiyarka ba za su ishe ku ku uku ba."

Ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi ja ba sai ran nan. Ya yar da ƙullin, ya ce duk mu biyo shi. Muka bi shi kamar masu rakiyar gawa. Ya nuna mana resho, ya kunna, wuta shuɗiya ta tashi ba hayaƙi, wani dattijo ya ja da baya yana a'uzubillahi. Sannan ya banko ƙofar ɗakin kwalaye don mu ga arziki. Kwalayen suna nan a jere, ya ɗaga na farko ya ji shi sakayau, na biyu ma haka. Rabin ɗakin iska ce. Ni na sunkuyar da kai, don na san inda kaso mai tsoka ya shiga.

"Ni za ku yi wa sadaka?" in ji shi. "Ni da ke cin abin da patiro maigidana ke ci? Wallahi duk wadda ta sake kawo kwano gidan nan, sai na kai ta wurin soja, in ce kayan proje na Annasara take sata!"

A wancan zamani ba a wasa da kalmar soja. Kwanuka suka ɗauke ɗif. Na ji haushinsa ƙwarai, har na rantse ba zan ƙara yi masa facin wando ba.

Inna Tabawa ta koma ruwan zafi. Wannan karon ko ɓawon burodin ta bari. Dariya ta ƙare, ta daina fitowa shan hantsi. Wata safiya na ji shi yana lallashinta, ya kai mata madara har bakin tabarma.

"Inna, don Allah. Mutane na mutuwa a kan wannan abin, ke kina ture shi."

"Na sani," ta ce, muryarta can ƙasa. "Na ga inda suka mutuwa. Can gida daga bisa kamiyo anka jeho muna irin wanga, muna tarbe da zane kamar karnukka. Ni da nike ciyar da baƙi. Na ce bari in tai gidan ɗana in ci abincin gida, sai na iske shi ma abin kamiyo yaka ci, har shina alfahari. Kwanon maƙwabta ba sadaka ba ne, an ba ni na bayar. Kai ka hana. Gobe ka sa ni mota in koma. In yunwa ce, gara ta garinmu, ta san sunana."

Ba ta wasa. Zinariya ta gaya wa Lami ta kan katanga cewa tsohuwa ta ɗaure kayanta. Kuma duk mun san abin da ke ƙauyen nan. In ta tafi, ba za a sake ganinta ba. Tausayi ya kama ni, har na Ɗan'azumin, wanda ya fita da yamma a kan ɗan babur ɗinsa mobilet ya dawo daga kasuwar Katako da wani dogon abu a naɗe cikin buhu, yana ɓoye shi kamar bindiga.

Gari na wayewa, mun dawo daga masallaci ke nan, sai muka ji wani abu daga gidansa. Ƙum. Shiru. Ƙum, ƙwal. Shiru. Lami ta ajiye tsintsiya. A unguwarmu kowace mace ana gane hannunta a turmi kamar yadda ake gane murya.

"Wannan ba hannun mace ba ne," ta ce. "Wannan ko mai kashe maciji ne, ko mai canza taya."

Na kifa bokiti na hau na leƙa. Ga fure a yashe a ƙasa da saiwarsa. Ga Ɗan'azumi da singileti da wandon aiki, ya riƙe sabuwar taɓarya kamar sitiyari, yana dukan gero busasshe. Kowane bugu sai hatsi ya yi tsalle ya watsu, kajin unguwa sun taru suna yi masa godiya. Zinariya na zaune a kan kujera riƙe da ƙugu, tana ba da umarnin da ita ma ta manta rabinsa.

Lami ta ɗauki gyale za ta shiga, na ce ta tuna da soja. Ta tsaya. Sai ta matso jikin katanga, ta juyo ta fuskance ni, ta ɗaga murya yadda za a ji ta har bakin kogi.

"Malam! Kai dai ba ka san komai ba! Wa ya gaya maka ana surfe ba a yayyafa ruwa ba?"

Na ce, "Ni kuma?" Ta harare ni.

Daka ta tsaya. Muka ji an taɓa randa. Daka ta ci gaba.

"Kuma Malam, tsakiya ake bugu, ba baki ba! Turmin bai yi maka laifi ba!"

Haka na sha faɗa a tsakar gidana tun daga surfe har bakace, har wanki, har dakan gari, har tankaɗe, ban taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Ban taɓa jin miji ya ci zagi irin na ran nan ba. Can hantsi hayaƙin itace ya tashi daga gidan Ɗan'azumi, Zinariya ta tuƙa a zaune, Lami ta ce mini wawa ne kawai ke sa daddawa bayan kuka.

Na koma kan bokitina. Lokacin tashin motar Tahoua ya yi, Inna Tabawa ta fito da ƙunshinta, tana dafa bango. Ɗan ya durƙusa ya ajiye kwano a gabanta. Ta dubi tuwon. Ta zauna. Ta gutsura ta kai baki ta daɗe tana taunawa, abin da ba a yi wa tuwo.

"Tsaki ya yi yawa," ta ce. "Ga dusa. Ga ƙasa-ƙasa, ba ku wanke turmin ba da kyau."

Ta sake gutsura. Ta ci gaba da kushewa tana ci, har ta ga gindin kwano. Sannan ta ce ya miƙo hannuwansa. Ya ɓoye su a baya kamar yaron da ya yi ɓarna, ta ce miƙo. Tafin duk ya yi bororo, wasu sun fashe. Ta riƙe su tana kallo, ta tofa musu yawu ta shafa da babban yatsa. Ƙaton direban nan ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ni ma sai da na goge ido, saura kaɗan in faɗo daga bokiti.

"Tun da nike ban taɓa cin tuwo maras daɗi kamar wanga ba," in ji Inna Tabawa. "Akwai saura?"

Ya ce akwai. Ta tura masa kwanon, ta jawo ƙunshin kayanta ta jingina da shi, ta miƙe ƙafa tana jira.