Ƙofar da Ta Ƙi Rufuwa

Troels ne ya zaɓi kayan, kuma ina so a san haka tun daga farko. Ni aikina zane. Ina zana gidajen da ba a gina ba tukuna, yadda mai saye zai ga rana ta faɗo kan teburin kicin ɗinsa tun ba a aza bulo ɗaya ba. Tsohuwar kwamfutata ta gaji. In na ba ta hoto ɗaya sai ta yi ta nishi, in je in dafa kofi, in sha, in dawo, tana nan tana fama. Da wani kamfani a birnin Aarhus ya ba ni babban aiki, na san da ita ba za mu kai labari ba.

Ƙanena Troels ya ce kada in kuskura in sayi haɗaɗɗiya a shago, shi zai haɗa mini. Irin mutanen nan ne da in ka tambaye su wace fankar kwamfuta ce mai kyau, abincinka sai ya huce kafin su kai aya. Ya shafe makonni yana gwada wannan da wancan. Ya zaɓi ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya fasa, ya dawo kanta. Ya zaɓi babban allon da komai ke hawa kansa, ya ga wani ya fi shi ramuka, ya sauya. Akwatin wutar ma sai da muka yi cacar baki, ina cewa wuta ai wuta ce, shi yana kallona kamar na zagi uwarsa, wadda kuma ita ta haife ni. Abu ɗaya ne muka yarda a kansa ba gardama, wato katin hoto, don shi ne ke ɗaukar nauyin aikina. Muka ɗauki ƙato mai fanka uku, nauyinsa kamar bulo.

Saura akwatin da za a zuba su duka. A nan Baba ya sa baki.

Babanmu Vagn kafinta ne. A ƙauyenmu da ke kusa da garin Lemvig da wuya ka shiga gida ba ka ga kabad ko matakala ta hannunsa ba. Shekara biyu ke nan hannun ya fara rawa, sannan abubuwa suka fara kuɓuce masa. A gidanmu ba a faɗin irin wannan. In kofi ya zube masa, Mama ta ce teburin ne ke ɗingishi. In sunan maƙwabcinmu Ejnar ya ɓace masa, mu ce mu ma ya shige mana. Mun ƙware ƙwarai, har muna yi ba tare da mun kalli juna ba. Mama ta riga ta sami wanda zai kwashe kayan shagon kafintarsa idan sanyi ya wuce, Baba kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar da ya ji muna musun akwati sai ya nuna ni ya ce, "Ni zan yi wa Dorte nata. Daga shi na rufe shago."

Troels ya faɗa masa awon ta waya. Baba ya kwashe lokacin sanyin nan kaf a shago, da katakon tsohuwar bishiyar da iska ta kayar a bayan gida.

Ranar Lahadi muka je gidan su Baba haɗawa. Bayan abincin rana Baba ya shiga ɗaki ya ɗan kishingiɗa, Mama tana kicin da kek ɗinta na tuffa, mu kuma muka baje kaya a teburin cin abinci. Ruwa na dukan taga a karkace. Akwatin na tsaye a tsakiyar tebur, ya sha mai yana ƙyalli, da ƙananan tsagogi a gaba don iska, da ƙofa a gefe wadda ake buɗewa da yatsa ɗaya. Ban taɓa mallakar abu mai kyansa ba.

Komai ya shiga lafiya. Allon ya hau, ƙwaƙwalwar ta zauna, akwatin wutar ya shige gurbinsa kamar a nan aka haife shi. Troels ya ɗauko katin hoton da hannu biyu ya zura, tsawonsa ya shiga har da ragowar wurin yatsa.

"Kin gani?" ya ce. "Wannan shi ake kira lissafi. Ke da kin sayo na shago mai fitilu kamar motar talla."

"Sa waya ka rufe mana baki."

Ya soka filogin wutar a gefen katin. Ya turo ƙofar. Ta zo, ta zo, ta tsaya. Tsakaninta da jikin akwatin akwai wurin yatsu biyu. Ya sake buɗewa, ya sake turawa a hankali, ta tsaya a inda ta tsaya. Na ga kunnuwansa sun yi ja.

"Me ke nan?" na ce.

"Filogin ne."

"Na ga filogin ne. Me ya sa?"

Ya rage murya. "Awon da masu katin suke bugawa na katin ne tsirara. Ba sa lissafa filogin, shi kuma ta gefe yake fitowa, ta wajen ƙofa. Wayar kuma tana son fili kafin ta lanƙwasa. Na ba Baba faɗin katin, ban ƙara na filogin ba."

"Kai da ka hana ni barci a kan fanka."

"Dorte, don Allah."

Ba aikin Aarhus ne ya fara zo mini a rai ba. Ƙofar ɗakin Baba na kalla. Mutumin nan abin da yake tsoro bai wuce ɗaya ba, kada a ce kansa ya fara tafiya. Ya zuba ƙarfinsa duka a akwatin nan don ya nuna wa kansa cewa da sauransa.

Troels ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar. "In na danna wayar sosai, za ta rufu."

"Cire hannunka."

"Kaɗan ya rage."

"Ba kai ka cika mini kunne cewa wayar nan in aka karya mata wuya narkewa take yi ba? A cikin akwatin katako, Troels. A ɗakin da nake kwana."

Ya cire hannun. Ya ce akwai wani filogi mai gwiwa da ake sayarwa, ya tsuguna ya leƙa, ya gwada da yatsa, ya girgiza kai. Shi ma yana son wuri, kuma wurin babu.

"To mu cire katin," na ce. "Kwanakin da za a iya mayar da shi shago ba su ƙare ba. Mu rufe ƙofar, mu ce wani abu bai iso ba. Gobe ka sayo mini ƙarami."

"Ƙarami ba zai ja aikinki ba. Mun yi wannan maganar. Za ki koma dafa kofi kina jira."

"Sai in jira."

"Ki rasa aikin saboda ƙofa?"

"Cire shi, na ce. Yi sauri."

Katin nan akwai wata 'yar maƙala a ƙarƙashinsa da sai an danna kafin ya fito, kuma yatsun Troels sun ƙi kai wa gare ta. Yana ta laluba, ni ina riƙe da akwatin, sai muka ji katakon daɓen falo ya yi ƙara. Baba yana tsaye a bakin ƙofa da silifas, gashinsa ya kwanta gefe ɗaya.

"Ya shiga?" ya ce.

"Muna kai," na ce. "Je ka sha kofi, Baba, za mu kira ka."

Bai ko kalle ni ba. Ya zo ya kewaya teburin, ya leƙa ciki. Ya sa yatsa ya turo ƙofar. Ta tsaya. Ya daɗe yana kallon tsagar nan. A kicin Mama tana jera kofuna, muna jin kowanne da ta ajiye.

"Ka faɗa mini awon," Baba ya ce wa Troels a hankali, "na ji wani abu daban. Ko kuma na ji daidai, kafin in kai ga katako ya gudu."

Na kalli Troels. Da ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya da na jefe shi da kwalin katin. Amma ya buɗe baki.

"Baba, ni ne. Abin da na faɗa maka shi ka yanka. Ni na manta da filogin."

Baba ya yi murmushi. Wannan murmushin ya fi ba ni tsoro a kan komai.

"Ka kyauta, ɗana."

"Gaskiya nake faɗa."

"Kai da ka yi wata guda kana zaɓen fanka, kai ne za ka manta filogi? Haba."

"Wallahi ni ne."

"Na ji. Ka kyauta."

Mama ta shigo da farantin kek. Kallo ɗaya ta yi mana, ta yi wa ƙofar, ta gane akwai matsala, sai ta jawo abin da muka saba. "Ai katako yana motsi da sanyi, Vagn. Kai ma ka sha faɗa."

"Ya isa, Bodil." Bai ɗaga murya ba. "Katako ba ya motsin yatsu biyu. Ki kira mutumin nan, ki ce ya zo cikin makon nan ya kwashe kayan, ba sai an jira ba." Ya juyo gare ni. "Ki yi haƙuri, 'yata, na ɓata miki lokaci. Ku sayi na ƙarfe. Wannan ku fitar da kayanku, murhu zai ci."

Ya juya zai koma ɗaki. Troels ya sake cewa "Baba," Baba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwayo ba. A lokacin na gane abin da muka yi. Shekara biyu muna yi masa ƙarya don muna sonsa, yana gani, yana ƙyale mu. Yau da muke da gaskiyar da yake bukata, ba ta da bambanci da sauran a kunnensa. Raina ya ɓaci da Troels, da Mama, da ni kaina, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran izini.

"Hinjin ƙofar na ƙasa a karkace yake," na ce.

Ya tsaya.

"Dorte," Mama ta ce.

"A karkace yake. Kuma haɗin kusurwar baya bai zauna ba, ka cike shi da gam da garin katako. Tun da na shigo na gani. Da can in yaron shago ya kawo maka irinsa, da ka sa ya sake. Hannunka yana rawa, Baba, kowa ya sani. Amma faɗin akwatin nan ba laifinka ba ne. Wannan sakaran ne ya ba ka awon da ba filogi, kai kuma ka yanka shi daidai."

Mama tana riƙe da farantin har yanzu. Ban taɓa yi wa Baba magana haka ba, kuma na ga kafaɗunsa sun sauka. Na ɗauka zai shige ɗaki ya rufe, shi ke nan na gama da shi.

Ya dawo. "Nuna mini."

Na juya akwatin na nuna masa kusurwar. Ya sa tabarau, ya bi wurin da babban yatsa.

"Na ɗauka ba ya nunawa."

"Yana nunawa."

"Teburin nan fa? Yana ɗingishi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Kai ka yi shi."

"Sunan Ejnar?"

"Ba wanda yake ɓace wa sai kai."

Mama ta ajiye farantin ta zauna. Baba ya gyaɗa kai sau biyu, kamar an faɗa masa farashin abin da ya riga ya yi niyyar saya. Sannan ya dubi Troels ta saman tabarau.

"Kai kuma ka manta filogin."

"Na manta."

"Wata guda kana zaɓen fanka."

"E."

"Sakarai."

"Na yarda," Troels ya ce.

Baba ya sake turo ƙofar, ya sa yatsunsa biyu a tsagar. Ya ce katin ba inda za shi, tunda shi aikin ke so. Za a yi wa gefen ƙarin baki mai zurfin yatsu uku, a mayar da ƙofar a kansa, akwai ragowar katakon a shago. Ya ce shi zai nuna inda za a yanka, amma Troels ne zai riƙe zarton, in ya iya bambance zarto da fanka.

Ya ɗauki sukudirebar da ke kan tebur don ya cire ƙofar. Bakinta ya riƙa rawa a kewayen sukurun, ya taɓa nan, ya zame, ya taɓa can. Mu uku muka tsaya muna kallo, ba wanda ya ƙirƙiro wani dalili. Ya gwada har ya gaji, sannan ya miƙo mini.

"Kwance," ya ce. "Ba zan iya ba."

Na karɓa. Sai da na goge idona da hannun riga kafin in ga kan sukurun.