Lambar da Baba Hasashe Ya Jira

"To, mun ƙulla," in ji Baba Hasashe, yana miƙa wa maƙwabcinsa masunci ma'aunin zafi ɗaure da igiya. "Kullum ka tsoma shi a teku ka kawo mini lamba. Ni kuma in gaya maka lokacin da kifi zai gudu."

"Kai da ko kwalekwale ba ka taɓa hawa ba?"

"Teku ai yaron iska ne. Ni uban gidan na sani."

Shekara talatin tsohon ya yi a ofishin auna yanayi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa, sai ɗaki ɗaya da kujerar roba da tsofaffin littattafai. Ya daɗe yana cewa in iska ta juyo daga yamma ta yi kwana goma tana tara hadari, to bayan wata biyar ruwa zai ɗumame har maki ashirin da tara, kifi ya nutse ƙasa. A ofis dariya aka yi masa. Bana iskar ta juyo, shi kuwa ƙirji ya fara cin sa.

Masunci bai yarda ba, amma dai ya ƙara wa ragarsa zurfi.

A wata na biyar tsoho ya daina tashi. Lamba ta maƙale a ashirin da bakwai. Masunci ya dubi ƙafafun tsohon da suka kumbura, ya ce:

"Baba, albishirinka! Yau ashirin da tara."

Tsoho ya ɗauki fensir, ya ajiye.

"Jiya da bakwai, yau da tara? Ruwa ne ko akuya mai tsalle? Ban taɓa rubuta lambar tausayi ba, ba zan fara a kan gadon nan ba. Nawa ne?"

"Da bakwai."

"Madalla." Ya rubuta.

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Mutum shida suka raka shi.

Bayan mako uku ruwa ya kai ashirin da tara. Sauran masunta suka riƙa dawowa da raga fayau, maƙwabcin marigayi kaɗai ke kamo kifin ƙasa. Duk bakin ruwa aka ce masunci ya ci riba, marigayi ne ya yi asara, tunda bai gani ba.

 Da la'asar masunci ya tsaya a ƙofar ɗakin, sababbin 'yan haya suna shafa fenti, ya faɗi lambar a hankali, ya wuce gida.